Lodi Kai da Bindi

Wannan babin na Balkisa ne, kuma saboda shi na yarda aka fara rubutun nan tun farko. Ni ban shiga lakkwal na yi boko ba, allona ma bai wuce ƙananan surori ba. Ina faɗa ne, mai rubuta wa mutane takardu a bakin tashar Matameye yana sawa a takarda, in ya gama ya karanta mini, inda ya ƙara gishiri in sa ya goge. Don haka abin da kuka gani a nan nawa ne. Shekaru ke nan kuna cewa 'yar'uwarku ta zaɓi dutsen Nasara, ta bar uwarta ta mutu ba ta kusa. A gabana ba ku faɗa, amma katangar gidan nan ta ƙasa ce, kuma kunnena bai mutu tare da ƙafata ba. Babban wanku, wanda ba na kiran sunansa, ba ya ɗaukar wayarta. Ku mata kuna gaishe ta kamar baƙuwar unguwa. To ga yadda aka yi.

Sai na fara da raguna, don in ba ku san lodi ba, sauran ba zai shiga kanku ba. Aikina lodin dabbobi ne tun ina iya ɗaga rago ni kaɗai. Babbar mota takan tsaya bayan kasuwa, a kafa mata bene na katako, hawa biyu, wani lokaci uku, a cika ta zuwa Najeriya. Wanda bai iya ba yana jefa su ciki kamar buhuna. Wanda ya iya yana jera su kai da bindi: wannan ya dubi dama, na kusa da shi ya dubi hagu, haka har ƙarshen mota. In ƙaho ya ga ƙaho, faɗa ne. In ƙaho ya ga bindi, kowa ya jingina da ɗan'uwansa, lodi ya zama abu guda. Na hawan sama da na ƙasa ba su ganin juna, amma suna jin juna ta katako, kaɗan dai. Lodi iri biyu ne ba ya kashe mutum. Akwai matsattse, wanda ba ragon da zai iya juyawa. Akwai sakakke sosai, wanda kowane rago zai sami abokinsa su kwanta bibbiyu, motsin wannan ba ya kai wa na uku. Na tsakaninsu shi ne mugu. Wannan ba wanda ya gaya mini shi, da ƙafata na koya.

Kun san labarin hatsarin hanyar Ɗan Barto, amma yadda 'yan tasha ke ba da shi kuka sani. Ranar na gama lodi matsattse mai kyau, sai mai ragunan ya sami mai saye nan take, ya sa aka sauke wasu daga hawan sama. Abin da ya kamata shi ne in sauke hawan duka in sake jeri. Rana ta karkata, mai kaya yana ta sauri, direbanmu Ari ya riga ya tayar da mota. Na duba, na ce zai kai. Na hau na zauna kan katakon gefe yadda na saba. Muka fita gari, hanya lafiya, ba rami ba kwana. Sai na ji wani abu a tafin ƙafata wanda ban taɓa ji ba. Tangaɗi na san shi: in mota ta taka rami yakan taso daga gaba ya bi raguna ɗaya bayan ɗaya har baya, kamar iska a cikin gero. Wannan ba shi ba ne. Lodin duka ya matse, ya saki, ya matse, ya saki, a hankali, kamar wata babbar dabba guda ce take numfashi a ƙarƙashina. Na buɗe baki zan kira Ari. Kafin murya ta fita, ragunan sama duka sun juya gefe ɗaya a lokaci ɗaya, mota ta bi su. Ari ya rasu a wurin, Allah ya jiƙansa. Ni aka zaro ni daga ƙarƙashin katako, ƙafar hagu ta zama abin da kuke gani.

Wasu suka ce aljanun hanya ne, wasu suka ce Lawali ya yi sakaci. Sakacin na karɓa, ban taɓa musu ba. Abin da ya zauna mini a kai daban ne: wane rago ne ya fara? Garke in zai firgita akwai na farko, kowane makiyayi ya san haka. Ni ina samansu, idona a kansu, ban ga na farko ba. Na tambayi Fulani a kasuwa, suka ce ban duba da kyau ba. Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce ƙaddara ce. Na ce na yarda, Malam, amma ƙaddara ma ai ta wata ƙofa take shigowa, ƙofar nake nema. Daga baya na daina tambaya, don mutane sun fara duban kaina maimakon ƙafata. Na riƙe abina fiye da shekara ashirin. Lokacin hatsarin Balkisa tana goye.

Shekarar da nake magana a kai, Balkisa ta dawo gida da damina, bayan karatun Yamai da wanda ta ƙara a ƙasar Nasara. A lokacin ƙafafun uwarku Rabi sun fara kumbura. In ta ɗebo ruwa daga randa zuwa murhu sai ta zauna ta huta. Likita ya ce zuciya ce, ya ba da magani, bai ba da rana ba. Balkisa ta zo da takarda biyu. Ɗaya ta koyarwa ce a lise, makarantar sakandare, nan cikin gari, ta tafi da safe ta dawo ta ci tuwon gidan nan. Ɗayar mai kauri ce, ta komawa can, shekara uku, aikin bincike. Bayan la'asar ta same ni a bakin zaure ta ajiye su a kan tabarma.

"Baba, wadda ka ɗauka ita zan bi."

"Ni na iya karatu ne?"

"Ba karantawa za ka yi ba, zaɓa za ka yi."

Uwarku tana tsakar gida tana tsince wake, ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ni fa ban ce kar ta tafi ba," in ji ta. "Ƙafata dai na ce ta kumbura."

Kowa a gidan ya san takardar da ta dace. Ni ma na sani, hannuna ma ya fara zuwa wajenta. Amma ban taɓa sauke kaya daga mota ba ba tare da na san abin da ke ciki ba, kuma sai na tuna duk shekarun nan ban taɓa tambayar yarinyar nan abin da take karantawa ba. In an tambaye ni a tasha sai in ce boko. Na janye hannu.

"Me kike karantawa can ɗin?"

"Mayen ƙarfe, Baba."

"Irin na cikin rediyo?"

"Danginsa ne. Amma nawa ba ya kama ƙarfe."

Uwarku ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

"Kun ji," ta ce da ta sami numfashi. "Maye ne amma ba ya cin kowa. Ai wannan ba maye ba ne, maƙwabcin kirki ne. Shi aka ƙetara teku a gani?"

Balkisa ba ta yi fushi ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwalin ashana da faifai biyu. Ta ce kowane dutse cike yake da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani, kuma a wasu duwatsun kowace ƙwaya kamar tsinken ashana take, tana da kai tana da gindi. Ta jera tsinkaye a faifai, kawunansu duka suna duban ƙofa. Ta ce wannan shi ne na rediyo: duk sun fuskanci wuri ɗaya, ƙarfinsu ya haɗu, shi ya sa yake fizgar ƙusa. Sai ta watsa su ta sake jeri. Wannan ya dubi ƙofa, na kusa da shi ya dubi bango, na gaba ya dubi ƙofa. Ta ce wannan shi ne nata. Ƙarfin wannan yana kashe na wancan, daga waje ba ka jin komai, amma a ciki kowa yana riƙe da maƙwabcinsa tamau. Ta jera faifai na biyu haka, ta riƙe shi a saman na farko. Ta ce dutsen hawa-hawa ne, riƙon cikin hawa ɗaya mai ƙarfi ne, na tsakanin hawa da hawa kuwa sako-sako.

Na daɗe ina duban faifan nan.

"Wannan ai lodi ne," na ce.

"Wane lodi?"

"Kai da bindi. Wa ya koya wa Nasara?"

"Ba wanda yake jera su, Baba. Da kansu suke jeruwa in an sanyaya su."

"Sanyi kamar na firigo?"

"Sanyin da ƙanƙara garwashi ce a kusa da shi."

Na ce ta ci gaba. Ta ce zafi ne ke sa ƙwayoyin rashin natsuwa, kamar raguna da tsakar rana, don haka suke kai dutsen kusa da ƙarshen sanyi, inda babu sauran wani sanyi a gabansa. Mutum zai zaci a can komai zai kwanta. Ba ya kwantawa. Akwai wani ɗan motsi da ke saura, wanda sanyi ba ya iya cire shi, don a cikin halittarsu yake. Kuma in ka matse dutsen, ko ka sassauta masa, akwai inda za ka kai wanda wannan ɗan motsin ne ke yanke hukunci. A gefe ɗaya jeri yana tsayawa daga farkon dutse har ƙarshensa. A ɗaya gefen jeri ya watse, ƙwayoyi su kama juna bibbiyu, kowane biyu ba ruwansu da sauran. Ita aikinta a bakin iyakar yake, inda dutsen bai zama wannan ba bai zama wancan ba.

Lodin motar Ari ya faɗo mini a rai. Ban nuna ba. Na ce ta ɗauke takardunta, zan ba ta amsa bayan kasuwa. Uwarku ta dube ni a karo na farko tun da aka fara maganar, ta ce in dawo mata da ashanarta, ba ta da wata.

Ran kasuwa na ce Balkisa ta biyo ni. Ko ba salla ba, ba a rasa mota ɗaya ta dabbobi. Muka tarar an kusa gama lodi, hawa biyu. Masu lodin yawancinsu a hannuna suka koya, sai ɗaya ya leƙo daga sama.

"Baba Lawali, yau da madam aka zo duba aikinmu?"

"Ta zo ta ga ko har yanzu ba ku iya ba."

"To a yi mana sassauci, madam. Shi ya koya mana, in akwai kuskure nasa ne."

Na sa ta ɗora tafin hannunta a kan katakon baya. Na zaga gaba da sandata na ɗan zunguri rago ɗaya a haƙarƙari. Ya karkata, na kusa da shi ya karkata, abin ya bi layi. Da na dawo na tarar tana murmushi, hannunta na nan inda na bar shi. Ta ce ta ji ya iso. Ta ce wannan shi ne motsi na farko, sun san shi sosai a dutse: ƙwaya ta karkata, maƙwabciyarta ta karkata, ya ratsa dutsen duka, kuma ba a kiran shi motsin ƙwaya ɗaya, motsin jama'a ne. Sai ta ce akwai na biyu, kuma shi take nema. A cikinsa ba mai karkata dama ko hagu. Jerin kansa ne ke ƙara ƙarfi ya rage, ya ƙara ya rage, duka tare. Kusa da iyakar nan yake fitowa, kuma duk yadda ka matsa kusa da ita, sai ya ƙara yin sanyin jiki, ya riƙa tafiya a hankali.

"Kamar numfashi," na ce.

Ta cire hannunta daga katakon.

"Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Na zauna a kansa."

A nan, tsaye jikin mota, cikin warin fitsarin raguna, na ba ta labarin ranar Ɗan Barto daga farko har ƙarshe, da numfashin da komai. Rabona da faɗin shi cikakke tun tana rarrafe. Ba ta katse ni ba. Ba ta dubi kaina ba, bakina take dubawa. Da na gama na yi mata tambayar da na yi wa Fulani da Malam.

"Wane rago ne ya fara?"

"Baba, rago ba ƙwayar dutse ba ne. Rago yana da tsoro, yana da ƙishirwa. In na ce maka abin da ya kayar da motar shi ne abin da nake nema, ƙarya na yi."

"Ban ce ki yi ƙarya ba. A naki dutsen, wa ke farawa?"

"A bakin iyakar kamar babu. Abin da ƙwayar wannan gefe ta ji, ta can ƙarshe ma ta ji, ba ka iya nuna ɗaya ka ce ita ce. Amma numfashin nan, a dutse mai hawa-hawa irin nawa, da wuri yake karyewa ya koma tangaɗi. Wasu ma suna ganin ba ya daɗewa har a kama shi."

"Ke me kika ce?"

"Ban sani ba. Shi ne aikin shekara ukun."

"Abin da ido ba ya gani, yaya ake kama shi?"

"Yadda kake ƙwanƙwasa tulu ka san ya tsage. Muna harba wa dutsen wasu ƙwayoyi, mu duba ta ina suka fito, da saurin da suka bari a ciki."

Duk rayuwata ita ce mutum na farko da na yi wa tambayar nan ya ce mini bai sani ba, amma ya san hanyar da ake bi a sani. Sauran kowa yana da amsa a aljihu. Muka dawo gida. Ta saya wa uwarta ashana a hanya.

Washegari da safe, bayan an sha kunu, na ce ta kawo takardun. Na ɗauki mai kaurin. In an tambaye ni a gari nakan ce na duba gabanta ne, ilimi ba a tare masa hanya, irin maganganun da ake yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce ta ɗaga hannuna ba. Ina son in ji amsa. Ina son wani ya je ya duba abin nan da na ji a tafin ƙafata, ya dawo ya ce mini akwai shi a duniya, ba kaina ne ya taɓu ba. Wannan ne ya fi nauyi a ranar, ya fi kumburin ƙafar matata nauyi. Mai rubutu ya tambaye ni ko a sassauta wannan layin. Na ce ya bar shi yadda yake.

Balkisa ta dubi takardar, ta dubi ƙofar ɗakin uwarta.

"Baba, Inna fa?"

"Ke kika ce wadda na ɗauka."

"Na zaci ɗayar za ka ɗauka."

"Kin zaci ba daidai ba."

Kwana uku tana bi na. Ta ce dutse ba ya gudu, wani zai yi aikin. Ta ce uwa ɗaya gare ta. A rana ta ukun ta zo da takardar a hannu, ta ce za ta yaga ta a gabana, in yi mata duk hukuncin da zan yi. Ga abin da ba ku sani ba, don mu uku ne a wurin, ɗaya tana ƙasa yanzu, ɗaya kuwa ta rufe bakinta don ta rufa mini asiri. Na ce mata, in kin yaga takardar nan ban yafe miki ba. Haka na faɗa, da bakin nan. Kun san abin da wannan kalma take nufi daga uba. Ta tsaya kamar an zuba mata ruwan sanyi, ta naɗe takardar, ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya.

Da ta shiga, uwarku ta kira ni. Tana zaune jikin randa, ƙafafunta a miƙe.

"Malam, ita ka zaɓa wa ko kanka?"

"Duka."

"Ƙarya. Shekara nawa ina gasa maka ƙafar nan? Na san inda take maka ciwo."



"To ta tafi," ta ce. "Ta je ta gano maka ragonka. Amma daga yau kai za ka riƙa ɗebo mini ruwa, da gurguwar ƙafarka."

Na ɗebo. Kowace safiya, daga randa zuwa murhu, daga murhu zuwa bayan ɗaki. Kun gani da idonku, kuka ce tsufa ya sa Baba taushin zuciya. Ba taushi ba ne, hukunci ne, kuma ita ta yanke shi. Ranar tafiya ita ta raka Balkisa har bakin zaure, iyakar inda ƙafarta ke kai ta ke nan. Ta ce mata in ta ga mayen nan ta gaishe shi, ta ce masa ya ci gaba da halinsa na kirki. Ba ta yi kuka ba sai da taksi ya tashi.

Rabi ta rasu a shekara ta biyu, bayan an gama yankan gero, da hantsi. Ban gama sauke bokiti ba. Kafin azahar an kai ta makwancinta, kamar yadda ake yi. Aka yi ta kiran Balkisa, waya a kashe. Kun ɗauki wannan kun riƙe. Abin da ya faru shi ne injin da suke harba ƙwayoyin nan da shi ba na mutum ɗaya ba ne, layi ake bi, a shekara kwanaki kaɗan ake ba ka, kuma kwanakinta ke nan. Tana ciki, wayarta tana waje. Da ta iso an riga an yi sadakar bakwai. Babban wanku ya tare ta a zaure, a gaban mutane.

"Kin gama da dutsen?"

Ta dube ni. Ina zaune a kan tabarmar nan da ta ajiye takardun, ina jin su. Kalma ɗaya ce a kaina, in ce ni ne. Ban faɗa ba. Na ce a raina zafin mutuwa ne, zai wuce, gida zai daidaita da kansa. Na ga lodi ya sassauta, ba matsattse ba, ba sakakke ba, na san ya kamata in sauke in sake jeri, na duba na ce zai kai. Sau biyu ke nan a rayuwata na faɗi wannan kalma. Ta yi kwana goma ta koma, don ni ban janye maganata ba, ita kuma ba ta roƙe ni in janye ba.

Amsar ta zo daga baya, a waya, wata ranar kasuwa ina zaune a rumfar masu lodi. Ta aiko hoto. Layi ne a kan farar takarda, ya tafi a kwance, ya ɗan tashi kamar tozon sa, ya sake kwantawa. Na juya wayar sama da ƙasa ban ga wani abu ba bayan wannan. Sai ta kira.

"Ka gani, Baba?"

"Na ga tozo."

"Shi ne. Numfashin ne. Ba ya daɗewa, amma ya daɗe har muka kama shi. Da muka matsa kusa da iyakar, tozon ya matso, ya yi laushi, kamar yadda na ce maka."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Wa ya fara?"

"A dutse, babu."

"A mota fa?"

"A mota ban sani ba, Baba. Na gaya maka tun farko."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Matata tana ƙasa, 'yata tana can ita kaɗai da laifin da ba nata ba, ni kuwa ina zaune cikin warin raguna ina duban tozo a waya ina jin daɗi, don ashe akwai abu a duniyar Allah da ke numfashi ba tare da wani ya fara ba. Har yanzu wani lokaci nakan buɗe hoton in duba. Ina da wasu tambayoyin ma da ban yi mata ba tukuna, kamar ko hawan sama ne ke fara ji ko na ƙasa, da abin da ya sa sanyi ba ya iya kashe wancan ɗan motsin. Halina ke nan, ban ce mai kyau ba ne. Allah ya yafe mini, Rabi kuwa na roƙe ta tun tana da rai, ta ce sai na cika randa tukuna.

Balkisa za ta zo wannan sallar, ita ta gaya mini. Tun da labarin ya shigo gidan nan ina jin abin nan a tafin ƙafata mai lafiya. In na shigo ku yi shiru, in na fita ku taru. Gida ya matse, ya saki, ya matse, ya saki. Na san abin da ke biyo bayansa, kuma wannan karon bakina ba zai makara ba. A dutse babu wanda ya fara. A motar Ari ban gani ba, kuma da alama zan mutu ban gani ba. Amma a gidan nan akwai ragon da ya fara, ga shi yana yi muku magana. Ku daina neman shi a wurin 'yar'uwarku.

Na sa a yi takardar nan guda biyar, kowa da tasa, kafin ta iso. Ranar da taksinta zai tsaya a tasha, babbanku ne zai je ya ɗauko mata jaka. In bai je ba ni zan je, da sandata da gurguwar ƙafata, in ɗora jakar a ka, kasuwa duka ta gani.